Layin da Ya Karkace a Gusau

Mu uku ne muke haɗa wata ’yar manhajar rubuta bashi domin masu shaguna. Ɗayanmu yana Gusau da kwamfuta mai Windows, ɗaya yana Tsafe da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, na Bunguɗu kuwa a wayarsa yake aiki da Termux. Abin da ke haɗa aikinmu shi ne Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin duk wani gyara.

Da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, sai muka koma amfani da filas. Direba ya kai ta Tsafe, ta dawo Gusau, ta wuce Bunguɗu. Kowa ya san yadda hanyoyin nan suke a lokacin.

Wata rana na Gusau ya so duba fayil ɗin .gitignore, wanda ke hana sunayen masu bashi shiga cikin abin da muke rabawa. Ya rubuta a Git Bash:

git show origin/main:.gitignore

Kwamfuta ta ƙi. Nan take ya yanke hukunci cewa na Tsafe ya goge fayil ɗin, ya tona asirin mutane. Ya aika masa takarda mai zafi ta hannun direba. Amsa ta dawo bayan kwana biyu: “Malam, ka ji tsoron Allah. A wajena yana buɗewa.” Na Bunguɗu ma ya gwada, ya buɗe. Sai zargi ya juya kan mai zargin. Har yau ba ma son tuna kalaman da suka bi motocin nan.

Sai da sabis ya dawo Gusau muka natsu muka karanta saƙon kuskuren baƙi bayan baƙi. Abin da ya isa ga Git ba shi aka rubuta ba. Ya zama origin\main;.gitignore. Layin ya karkata ɗaya gefen, ɗigo biyu sun koma ɗigo da waƙafi.

Ashe tafinta ne a tsakani. Windows ta gaji layin \ daga MS-DOS 2.0 na 1983, domin an riga an ba / wani aikin, kuma da ɗigo da waƙafi (;) take raba jerin adireshi, inda Linux ke amfani da ɗigo biyu. Git Bash yana zaune a kan MSYS2, wanda in ya ga abin da ya yi kama da jerin adireshin Linux sai ya juya shi zuwa na Windows. A wurin Git kuwa, ɗigo biyun nan suna raba sunan reshe da sunan fayil ne. Tafinta ya yi karambani, kuma bai gaya wa kowa ba. Wannan shirun ne muka fi jin haushinsa.

Maganin bai cika layi ɗaya ba: a sa MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaban umarnin. Fayil ya buɗe lafiya lau, sunan kowa a rufe.

Na Gusau ya hau mota zuwa Tsafe da ledar tsire. Na Tsafe ya ci tsiren, amma takardar tana cikin jakar kwamfutarsa.