Ilimin haƙƙin ɗan Adam: sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa

A shekarun da na yi ina koyar da dokar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan Adam, suka iri biyu ce na fi ji daga ɗalibaina. Wasu na cewa doka ce ta Turawa da aka ƙaƙaba mana, wasu kuma na cewa kura ce da aka cire wa haƙora. Ban taɓa raina masu wannan magana ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam a birnin Faris, ranar 10 ga Disamba 1948, yawancin Afirka na ƙarƙashin mulkin mallaka, ba a nemi jin ta bakinmu ba.

Sai dai tarihi bai tsaya nan ba. A 1981 shugabannin Afirka suka amince da tasu yarjejeniyar a Nairobi, wadda ta fara aiki a 1986. Ta haɗa haƙƙin mutum da na al'umma, ta kuma fayyace nauyin da ke kan kowa game da iyalinsa da ƙasarsa. Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983, kuma a shekarar 2000, a shari'ar Abacha da Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotunanmu za su yi aiki da ita. Wanda ya kira wannan doka baƙuwa, bai duba kundin dokokin ƙasarsa ba.

Ga masu cewa ba ta da haƙora kuwa, labarin Hadijatou Mani nake ba su. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar kan sefa 240,000, aka mayar da ita wahaya. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida kan laifin aure bisa aure, alhali Nijar ta sanya bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa tun 2003. Da taimakon ƙungiyar Timidria da lauyoyi, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke cewa Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnati kuma ta biya.

Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne yadda aka zaɓi ƙofar. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ba ta sauraron ƙara, a ƙa'ida, sai mai ita ya gama bin kotunan ƙasarsa, abin da kan ci shekaru. Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda aka bai wa hurumin sauraron ƙarar take haƙƙi a 2005, ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa ba ta karɓar ƙarar ɗan Najeriya kai tsaye, domin gwamnatinmu ba ta miƙa takardar amincewa da hakan ba. Ɗalibin da ya haddace sassa 30 na sanarwar 1948, amma bai san waɗannan bambance-bambance ba, kamar mai riƙe da takardar magani ne da bai san hanyar kantin ba.

Ba na ɓoye musu raunin tsarin. Waɗannan kotuna ba su da ɗan sanda ko gidan yari, kuma hukunce-hukuncensu da dama na kwance ba a aiwatar ba. A 2010 kotun ECOWAS ta tabbatar da haƙƙin yaran Najeriya na samun ilimin firamare kyauta, amma kowa ya san yawan yaran da ke gararamba a titunanmu. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara mini damuwa: wata Hadijatou da ke ƙauye a yau, ina za ta nufa idan kotunan gida suka juya mata baya?

Shi ya sa nake ganin wannan ilimi bai kamata ya maƙale a tsangayar shari'a da harshen Turanci ba. Ya kamata lauyoyinmu da 'yan jarida su riƙa bayyana waɗannan hukunce-hukunce da Hausa a rediyo da jaridu, su riƙa tambayar gwamnati inda aka kwana kan aiwatar da su. Gwamnati kan ji kunyar hukuncin da jama'a suka sani. Wanda ba su sani ba kuwa, a aljihun tebur yake ƙarewa. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.