Daga Naraguta Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Fari Ba Abokin Hanya

Ƙasar Filato uwar koguna ce. Daga duwatsunta ne kogin Kaduna da na Gongola da na Mada su ke tasowa, su gangara su zuba a Kwara ko a Binuwai, daga can kuma su isa teku. Amma kogin Dilimi, wanda ya ke ratsa Jos ya bi ta gefen Naraguta, shi arewa ya fuskanta. Ya kan shiga ƙasar Bauchi ya zama ruwan Jama'are, sa'an nan ya bi kogin Yobe, abin da ya tsira daga rairayi da zafin rana ya ƙarasa tafkin Chadi. Watau dai ruwan Naraguta bai taɓa ganin teku ba, yawancin masu shansa ma haka.

Abin da ya fara sanin hanyar teku daga Naraguta shi ne kuza. A farkon ƙarni na 20 Turawan kamfanin Neja suka kafa sansaninsu a nan domin haƙarta, har garin ya zama mazaunin mulki kafin a mayar da ofisoshi Jos. A lokacin 'yan dako ne su ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda a ke loda ta a jirgin ruwa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, a 1927 kuma aka haɗa Jos da hanyar Fatakwal ta Kafanchan. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar wa ƙasar ɗaruruwan ramuka waɗanda ruwa ya cike. A waɗannan kududdufai ne yaran Filato da dama su ke koyon iyo, ko da ya ke suna da zurfi da sanyi, kuma sun ci rayuka.

Ɗaya daga cikin yaran da suka koyi ruwa a irin wannan wuri shi ne wani saurayi baduku, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, daga masu aikin fatar da aka san Naraguta da shi. Bai taɓa wuce Bauchi ba. Sai ga shi a cikin watan Janairu maigidansa ya aike shi Ikko da jakunkuna da takalma, ya kai wa wani mai saye. Ya nemi izini idan ya sauke kaya ya ƙara kwana guda domin ya ga teku. Maigidan ya yarda, ya kuma rubuta masa sunan wani dattijo mai sayar da raguna a Alaba Rago, ya ce kada ya taka ko'ina sai ya je ya gaishe shi. Mahaifiyarsa kuwa ƙuli-ƙuli ta ƙulla masa, ta bi shi da addu'a har ƙofar gida.

Jos tana bisa tudu mai tsawon ƙafa kamar 4,000 daga fuskar teku, shi ya sa da asubar hunturu sanyi ya kan hana mutum sakin hannu. Da rigar sanyi biyu saurayin ya shiga safa. Suna gangara Hawan Kibo kunnuwansa suka toshe, kafin su kai Akwanga ya tuɓe riga guda, a Keffi ya tuɓe ta biyu. Bayan sun wuce Abuja suka haye Kwara ta kan gadar Murtala Muhammed, kusa da Lakwaja, inda Kwara da Binuwai su ke gamuwa. Nan ya leƙa ta taga ya ga faɗin ruwan da bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce a ransa in dai wannan kogi ne kawai, to, yaya teku za ta kasance? Daga Okene ƙasa ta soma sauya kama. Ciyawa ta ba da wuri ga kurmi, itatuwan ƙwaƙwar manja da ayaba suka rufe gefen hanya, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki. Tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, saboda haka sai tsakar dare suka shiga Ikko. A masallacin tasha ya kwana, kayansa a ƙarƙashin kansa.

Wanda ya yi tafiya tare da abokai, idan ya rikice akwai mai tuna masa hanya. Wanda ya ke shi kaɗai kuwa, hankalinsa ne jagoransa, kuma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya ke sauƙaƙa wa ɗan arewa wannan makanta a Kurmi shi ne zango. Tun zamanin fataucin goro da shanu Hausawa su ke da unguwanni a Agege da Idi Araba da Obalende, daga baya kuma aka sami kasuwanni irin su Alaba Rago, wadda ta ke a kan hanyar Badagari. Da saurayin ya sauke kaya ya karɓi kuɗi, can ya nufa. Ya sami dattijon a rumfarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi wanda ya aiko shi, sa'an nan ya ce yana son ya je Bar Beach, domin sunan da ya sha ji ke nan a bakin maigidansa.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Samari, maigidanka ya daɗe bai zo Ikko ba."

Gaskiyarsa kuwa. Bar Beach, wadda ta ke a tsibirin Victoria, ita ce gaɓar da ta fi kowace suna a Nijeriya a shekarun 1970. Can a ke zuwa shan iska ranar hutu, can kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a gaban dubban mutane tun daga 1971. Amma tun sa'ad da Turawa suka jera katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Ikko a farkon ƙarni na 20, rairayin da igiyar ruwa ta ke kawowa daga yamma ya daina isowa, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru, har ta kan hau titi. Daga wajajen 2008 aka soma cike wurin da yashi domin gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, tsohuwar gaɓar kuwa ta zama labari. Don haka dattijon ya ba shi shawara ya tafi Badagari, wajen kilomita 60 yamma da Ikko, dab da iyakar Jamhuriyar Benin.

Ya kuma kafa masa sharuɗɗa. Ya bar kuɗin maigidansa a rumfa, ya ɗauki na mota da na abinci kawai. Ya fita da sassafe, ya baro bakin ruwa tun la'asar. Kada ya shiga kwalekwale sai an ba shi rigar da ke hana nutsewa, kada kuma ya bari ruwan teku ya wuce masa gwiwa. Saurayin ya ce, "Baba, ai na iya ruwa. Tun ina ƙarami na ke iyo a ramin kuza." Dattijon ya ce, "Na ji, ɗana. Ruwan da ka sani barci ya ke yi. Wannan da za ka gani bai taɓa runtsawa ba."

Badagari tsohon gari ne na Egunawa, kuma sunansa ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Daga nan ne Baturen nan Clapperton da baransa Richard Lander suka tashi a watan Disamba na 1825, suka ratsa ƙasar Yarabawa da Barugu da Nufe har Kano, sa'an nan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton ya rasu a can a watan Afrilu na 1827, Lander kuwa ya komo Badagari da takardunsa. A bakin ruwan garin har yanzu akwai gidan benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda a ke nuna wa baƙi a kan shi ne bene na farko irin na Turawa a ƙasar nan. Akwai kuma gidajen tarihi inda aka ajiye sarƙoƙi da mari na zamanin cinikin bayi, da ɗakunan Seriki Abass, ƙanana masu duhu, inda a ke tsare mutane kafin jirgi ya zo.

Garin kansa ba a bakin teku ya ke ba. Tsakaninsu akwai wani kwantaccen ruwa mai kama da kogi, wanda a ke hayewa da kwalekwale cikin 'yan mintoci zuwa tsibirin Gberefu. Daga nan sai tafiyar ƙasa a kan yashi, a tsakanin itatuwan kwakwa. Wannan ita ce hanyar da bayi su ke bi a ɗaure. A gefenta akwai wata rijiya da mutanen garin su ke cewa a kan shayar da bayi ruwanta domin su manta da gida, ƙarshen hanyar kuwa shi ne wurin da a ke kira inda ba a komowa. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar wannan yanki har da Hausawa da yaƙi ya ci. Da yawansu a Bahia ta ƙasar Brazil aka sauke su, inda suka shirya tawaye a 1807, waɗansu kuma suka shiga babban tawayen bayi Musulmi na 1835, wanda aka yi a ƙarshen watan azumi. Ga mutanen nan ma ranar ce ganinsu na farko da teku.

Tun kafin saurayin ya ga ruwa ya fara jin sa, wani ruri mai kama da aradun da ba ta ƙarewa. Da ya hau tudun yashi na ƙarshe sai ƙasa ta ƙare. Mutumin da ya tashi a tsakiyar duwatsu, wanda duk inda ya juya idonsa ya kan sami wurin tsayawa, yau ya duba bai ga komai ba sai ruwa har inda ya haɗu da sama. Ba tsallake, ba tsibiri, sai kwalekwalen masunta can nesa, yana ɓacewa yana bayyana. Ya daɗe a tsaye yana tasbihi. Sa'an nan ya tuɓe takalmi ya matsa, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, don haka ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta ya ke yi. Amma malaman fiƙihu sun tabbatar da tsarkinsa, ya halatta a yi alwala da shi. Da azahar ta yi ya yi alwalarsa a nan, ya fuskanci alƙibla, teku tana hannunsa na dama.

Bayan salla ya naɗe wando ya shiga. Igiyar farko ta doke shi a ƙwauri ta wuce, amma da ta juyo sai ya ji yashin da ya ke tsaye a kai yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafarsa, kamar ana janye tabarma. Ya hangi wani wuri a gaba kaɗan inda ruwan ya yi luf, ba kumfa, ba tashin igiya, ya ga ai nan ne ya dace da iyo. Ya nufi can ke nan sai wani tsohon masunci da ke gyaran taru ya daka masa tsawa, yana yi masa nuni da hannu ya fito. Ba su jin harshen juna, amma da ɗan guntun Turancin kasuwa da zane a kan yashi tsohon ya fahimtar da shi.

Abin da ya nuna masa ya kamata duk mai zuwa teku daga tudu ya sani. Ruwan da igiyoyi su ke jibgewa a gaɓa dole ya koma, kuma ya kan tattaru ya fita ta wata siririyar hanya da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Wannan hanya ita ce ta ke bayyana a kwance, mai duhu, ba kumfa, don haka ita ce ta ke yaudarar baƙo. Wanda ta ɗauka, idan ya ce zai yi kokawa da ita ya komo gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta nutsar da shi. Dabara ita ce ya kwantar da hankali ya yi iyo a gicciye, watau ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, sa'an nan ya juyo. Har wa yau teku ta kan cika ta janye sau biyu a yini saboda jan wata, ta yadda wurin da mutum ya ajiye takalminsa da hantsi ya kan zama cikin ruwa da yamma. Da damina kuwa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, haukanta ya fi haka nesa. Saurayin ya yi wa tsohon godiya, ya koma inuwar kwakwa. Aka fasa masa ɗanya ya sha ruwanta, ya sayi gasasshen kifi, ya zauna yana kallon masunta sun yi layi suna jan taru da waƙa, ƙananan ƙaguwa kuma suna tsere a kan jiƙaƙƙen yashi.

La'asar na yi ya kama hanya, kamar yadda aka umurce shi. Ya iske dattijon a rumfa yana duban hanya, ya karɓi ajiyarsa cif, washegari ya hau safa. A Hawan Kibo ya sake zura rigunan sanyinsa. Tsarabar da ya kawo ita ce kwakwa huɗu da kwalba guda ta ruwan teku. Kwakwar a ranar aka cinye ta. Kwalbar kuwa ta yi mako tana zagaya rumfar dukawa, kowa ya ɗiga a harshe ya yamutsa fuska. Ƙannensa, waɗanda su ma a ramin kuza su ke iyo, suka tambaye shi ko ya yi ninƙaya a teku. Ya ce musu iyakarsa gwiwa, kuma duk wanda Allah ya kai shi can a cikinsu, to, ya nemi masunci ya tambaya kafin ya jiƙa ƙafa.