Zuwa ga Ƙanwata a Gashuwa

Kumagannam,
Ƙaramar Hukumar Yusufari,
Jihar Yobe.

Ƙanwata,

Ya karatu, ya zafin Gashuwa? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ki.

Saƙonki ya iso, na ga aikin da aka ba ku a kwaleji kan asalin kalmomin clear, certain da sure. Ukun nan duk baƙi ne a Ingila. Tushensu Latin ne, Faransanci ya goyo su ya kai su can bayan Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, fada da kotu suka koma magana da harshen masu mulki. Clear daga clarus take, abu mai haske ko murya mai fita tar. Sure daga securus, wanda hankalinsa ke kwance. Wadda ta fi burge ni ita ce certain: jijiyarta tana komawa ga cernere, wato tankaɗe. A wurin mutanen Rum, ba a tabbatar da magana sai an raba ta da dusa, kamar yadda Inna ke yi wa garin gero da rariya.

Amma kada ki tsaya a nan, don kowa a ajinku abin da zai kwafo ke nan. Ki waiwayo gida. Haƙiƙa, yaƙini, zahiri, bayani, shakka, har da tabbata, duk daga Larabci muka samo su, ta hanyar zaure da alƙalanci. Kin tuna malamin zaurenmu yana jera mana matakan sani? Yaƙini a sama, sai zato, sai shakka, wahami a can ƙasa. Wanda ya rikice ko raka'a uku ya yi ko huɗu, ya ɗauki uku ya yi gini a kan yaƙini. Kin ga nan kalmar tana da aiki, tana da hukunci. Shi ya sa nake jin haushin masu jawabi a rediyo da ke buɗe kowace jimla da "haƙiƙa", alhali ko zato maganar ba ta kai ba.

Inda muka fi Turawa arziki, a ganina, shi ne wajen bayyanar abu. Nan ba mu ci bashin kowa ba: sarai, ƙarara, ɓaro-ɓaro, garau, fes, tangaram. Kowace da mazauninta. Ruwan rijiya garau yake, ba a ce masa ƙarara. Ƙarya kuwa ƙarara ake yin ta. Bature sai ya yi ta jan clear ɗinsa ɗaya daga ruwa zuwa sama zuwa magana. Idan ɗakin karatunku yana da ƙamus ɗin Bargery na 1934, ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Ki kuma tambayi ƙawayenki Badawa yadda suke faɗi. Mangawanmu dai kin san gaskiya jire suke ce mata.

Kuɗin rajistar da kika yi magana, Baba ya ce sai an sayar da riɗi a kasuwar Nguru. Zan aiko miki ta hannun direban da kika sani, in Allah ya yarda. Ki rage shan ruwan kan hanya, ki riƙa tafasa na ɗaki.

Wassalam.

Yayanki.