Bushiyar Teku da Giwan Ruwa

A kasuwar Malanville, bakin kogin Kwara daura da Gaya, ba a ganin halittar da nake son raɗa wa suna, domin a ruwan gishiri kaɗai take rayuwa, teku kuwa tana can Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Jikinta dunƙulallen ƙoƙo ne mai tauri, kasafi biyar, ƙayoyi sun lulluɓe shi. Baki yana ƙasa da haƙora biyar, dubura tana sama. Masana sun sa ta a ajin Echinoidea, daga kalmar Girkanci mai nufin bushiya. A cikinsa akwai dangin Cidaridae, masu ƙayoyi kaɗan amma kaurara kamar fensir.

Ni "bushiyar teku" nake ce mata, bisa tafarkin giwan ruwa da karen ruwa. Sai dai ɗalibi ya kula: irin wannan suna kama yake nunawa, ba zumunta ba. Bushiya tana shayarwa. Wannan ko ƙashin baya ba ta da shi.

Jinsi ne ya fi tsaya min a rai. Giwa mace ce a nahawu, amma kifin nan "giwan ruwa" ake ce masa, da ɗafin namiji. Na zaɓi "bushiyar" ne, ko da yake bakin masunci yana iya jan ta zuwa "bushiyan".