Su wa ke zama a teburin masu ba mu tallafi?

1/ Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan ƙungiyoyin da ke kai 'ya'yan talakawa makarantun kuɗi, da mutanen da ke shugabancinsu. Ni ɗin nan ina cikin yaran da aka kai.

2/ A cikin badala aka haife ni, daga lungunmu zuwa Kasuwar Kurmi bai fi minti biyar a ƙafa ba. Babana baduku ne. Firamaren gwamnati na yi, irin ajin da in ka makara sai dai ka raɓa a bakin taga. Muna aji shida wata ƙungiya ta zo ta yi mana jarrabawa. Mu shida muka ci a makarantarmu.

3/ Ba zan kama sunan ƙungiyar ko makarantar ba. Manufarsu mai kyau ce: a haɗa ɗan birni da ɗan Sabon Gari, Musulmi da Kirista, ɗan mai shi da ɗan mara shi, a aji ɗaya. Shekara shida suna biya mini kuɗin makaranta. Ba don su ba, da wuya yau a ce ina BUK. Ku riƙe wannan kafin wani ya kira ni butulu.

4/ Me ya sa ma ake buƙatar haɗa mu? Saboda a rabe aka gina garin. Turawa sun ci Kano a 1903, suka zauna a Nasarawa, suka ware Sabon Gari domin baƙi 'yan Kudu, mu kuma muna cikin ganuwa. Makarantar boko ta farko ma, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a 1909, a Nasarawa take, bayan ganuwa. Ganuwar ta zaizaye, amma rabon yana nan.

5/ Wallahi har na kai shekara 12 ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da Ibo ba. Abokina na farko a sabuwar makarantar Ibo ne ɗan Sabon Gari, shi ma ɗan tallafi. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ajinmu da aka haifa a GRA daɗi. Shi ya koya mini in daina jin kunyar Turancina. Har gobe muna tare. A nan kam ƙungiyar ta ci riba.

6/ To amma ga abin da ba a biya ba. Kuɗin adaidaita, zuwa da dawowa, kullum, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013. Abincin tara. Kayan wasanni. Kuɗin yawon buɗe ido. Aikin gida da za a ce a yi shi a kwamfuta, a gidan da sai a kwana uku ba a ga wuta ba.

7/ Sai ranar hoto. Duk ƙarshen zango shugabannin za su zo, a shigo aji a kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, a jera mu a ƙarƙashin bishiya a ce mu yi murmushi. Kafin ka koma kujerarka kowa ya san wa ake biya wa. Daga nan aka laƙaba mana “'yan sadaka”. Sunan ya bi ni har na gama.

8/ Mu shida muka shiga, mu biyu muka gama. Wata kuɗin mota ne ya kayar da ita. Wani ya gaji da tsokana ya koma ta gwamnati. Daga baya na ga rahoton ƙungiyar, an rubuta wai iyaye ba sa ba da haɗin kai. Na daɗe ina kallon layin nan.

9/ Don na tuna ranar da Baba ya rufe rumfa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya je taron iyaye da malamai. Awa biyu ana zuba Turanci, ba wanda ya fassara. Da muka fito ya ce mini, “Me suka ce?” Bai sake zuwa ba. Shi ne rashin haɗin kan.

10/ Yanzu ku dubi kwamitin: likita, lauya, tsohon ma'aikacin banki, manyan 'yan kasuwa. Mutanen kirki ne, da aljihunsu suke yi. Amma babu ko ɗaya da ya taɓa karatu da tallafi. Babu mazaunin lungu, babu ɗan Sabon Gari, mace ɗaya tak. Ba mugunta suke yi ba, ba su sani ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

11/ Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba baƙi da farare a makarantun gwamnati a 1954, fararen Kudu da yawa makarantun kuɗi suka buɗe don su guje wa haɗuwar. A 1963 aka kafa A Better Chance domin shigar da yara baƙar fata manyan makarantun kuɗi. A 1978 wani malami, Gary Simons, ya kafa Prep for Prep a New York.

12/ Ita Prep for Prep sai ta yi wata 14 tana shirya yaro kafin ya shiga, kuma tana bibiyarsa bayan ya shiga. Duk da haka a 2020, bayan kisan George Floyd, ɗalibai baƙar fata na irin waɗannan makarantu suka buɗe shafuka a Instagram suna ba da labarin wulaƙancin da suka haɗiye shekara da shekaru. Da na karanta wasu, kamar da ni suke.

13/ Namu ba launin fata ba ne. Unguwa ce, da yare, da addini, da aljihu. Amma ciwon ɗaya ne: an shigar da kai, sai dai ba a tambaye ka yadda zaman yake ba.

14/ Watan jiya suka gayyace ni in yi jawabin godiya a walimar tara kuɗi. Na yi godiyar, da zuciya ɗaya. Bayan an tashi na durƙusa gaban shugaban na ce, “Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba tsofaffin ɗalibai kujera a kwamiti.” Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, kai fa har yanzu ɗalibi ne. Ka gama tukuna.”

15/ Da na ba Umma labari ba ta ji daɗi ba. Ƙanwata ta zana jarrabawarsu bana, sakamako bai fito ba. “Kar bakinka ya ja wa yarinyar nan,” in ji ta. Na kwana ina juyi. Amma ai saboda ita ɗin nake magana. Ba na so a kira ta daga aji ranar hoto.

16/ Ga abin da na rubuta musu a takarda:
• kujera biyu ga tsofaffin ɗalibai, mace da namiji, masu ƙuri'a ba 'yan rakiya ba
• kujerar iyaye, ɗaya daga cikin birni, ɗaya daga Sabon Gari
• tafinta a kowane taron iyaye
• kuɗin mota da abinci su shiga kasafi
• a daina hoton yara a makaranta
• a riƙa ƙirga waɗanda suka gama, ba waɗanda aka ɗauka kaɗai ba

17/ Sun ce za su duba a zamansu na gaba. Ina jira, Umma ma tana jiran nata sakamakon. In kai ma ka yi karatu da tallafi, ko ke, ku gaya mini: akwai irinku a kwamitin da ya ɗauke ku? Masu ƙungiyoyi kuma, Allah Ya saka da alheri, ba faɗa muka zo yi ba. Ku ƙara kujeru kawai.