Ɗanka Yana Karatu a Kumasi? Tambaye Shi Labarin Kejetia

Goro ne ya kai kakanninmu ƙasar Tonawa. Su kan bi hanyar Gwanja da jakuna, su sauke kanwa da tufafi da fatu a Salaga, su ɗauko goron kurmin Asante su juyo gida. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, daga nan fatake suka riƙa gangarowa har cikin birnin, zango ya yi ta faɗi. Yau jikokinsu ma suna zuwa, amma da jakar goyo da kwamfuta. 'Yan Kano da Sakkwato sun fi nufar jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, KNUST, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1952 ta zama jami'a a 1961, mutanen gari kuma ba sa ce mata komai sai Tek. 'Yan Maraɗi da Damagaram kuwa Ingilishi ke kawo da yawansu, ko dai a reshen cibiyar koyar da harsuna ta gwamnatin Gana da ke Kumasi, ko a ƙananan makarantu masu zaman kansu.

Ranar da yaro ya sauka, zai ɗauka bai bar gida ba. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa da Alabar, kiran sallah ne zai tashe shi. Ya fito ya tarar da mai koko da ƙosai a bakin layi, da rana ga wake da shinkafa, wanda duk Gana ke kira waakye, da dare ga tuwon zafi. Bagwanje da Badagombe da Bamoshe da Bazabarme duk da Hausa suke ciniki da juna. Hausar ce dai ta sha ruwan kurmi: ba ta raba mace da namiji, sai ka ji magidanci ya ce "matata ya tafi kasuwa". Yaro mai tarbiyya ba ya dariya, ba ya gyara wa dattijo harshe a garinsu. Zango ya riƙe baƙo tun zamanin da maigida ke sauke fatake, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, har gobe kuma uban da ya damƙa ɗansa a hannun wani Alhaji a Aboabo yana barci da ido biyu rufe.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Bahaushe na iya shekara cur a Kumasi bai buɗe baki da wani harshe ba. Ya je aji awa uku, ya hau pragya, wato a-daidaita-sahunsu, ya dawo unguwa, sauran wunin duk Hausa, rediyo Hausa, majalisa Hausa, waya da gida Hausa. Uba ya canja sefa ko naira ya biya makaranta, ya biya haya, kuma a Gana masu gida kan nemi kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule. Wata tara ta cika, yaro ya koma da takardar shaida, a kira shi ya yi tafinta da dilan kaya ya tsaya yana susar ƙeya. Na sha jin iyaye suna cewa, "Wallahi malaman ne ba su iya koyarwa ba." Ba kullum laifin malam ba ne, Alhaji. Wanda ya kwana a inuwa ya wuni a inuwa, ina zai ga rana?

Maganin abin yana tsakiyar gari. Kusan duk motar haya, trotro, da ka ji yaron mota yana kwarara kira a mahaɗar Tek ko Tafo ko Suame, Kejetia ta nufa ko daga can ta fito. Sabon ginin kasuwar, da aka gama kashinsa na farko a 2018, yana da shaguna sama da 8,000 a ƙarƙashin rufi ɗaya, ga tashar mota a ƙasansa. Don ƙawarsa mutanen gari suka laƙaba masa Dubai. A kewayensa kasuwa ta malala kan tituna har Adum da Alabar. Ga atamfa tsibi-tsibi, ga busasshen kifi da doya da ayabar dafuwa, ga takalman da aka ɗinka a nan Kumasi, ga albasar da ta keto daga Nijar. 'Yan mata 'yan dako daga arewacin Gana, kayayei, suna ratsa cunkoso da manyan kwanoni a ka, kuma rabin sunan nasu ma namu ne: kaya. A nan Hausa za ta kai ka wani layi ta ajiye ka. Iyayen kasuwa matan Tonawa ne, harshensu Tonanci, wato Twi, sai Ingilishi idan ta kama.

Ɗalibi mai wayo ya kan mai da cefanen mako darasi. Ya fara da gaisuwa: ete sen, yaya dai, amsa eye, lafiya lau. Ya kira mai kaya Maame, wato Inna, ya haɗa da mepa wo kyew, don Allah, wanda baki ke gajartawa zuwa mepacho. Nawa ne, eye sen. Sai kalmomi biyu da ɗan kasuwa zai so: te so, rage mini, to so, ƙara mini gyara. Wasali ɗaya ya raba su, wanda ya musanya su zai ba layi guda dariya, amma dariyar ce ke sa a riƙe fuskarsa, gobe a ce masa me ba, ɗana. Kada ya miƙa kuɗi da hagu. Kada kuma gabansa ya faɗi idan tsohuwa ta ce masa dubu goma: tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Gana, amma wasu har yanzu da tsohon lissafi suke magana, sidi ɗaya take nufi. A gidan abinci kuwa jimla biyu ce ke tsare masa cikinsa: meye Kramoni, ni Musulmi ne, prako nam wo mu, akwai naman alade a ciki? Miyar sakwarar Kumasi tana da daɗi, amma tukunya ɗaya kan tara nama iri-iri.

Za su tambaye shi ranar da aka haife shi, domin su ma sunan rana suke yi kamar mu. Kofi shi ne Ɗanjuma, Afua Jummai, Kwame Ɗan'asabe, Ama Asabe, Akosua Ladi, Yaa kuma Lami. Ranar da 'yan kasuwa suka fara ƙwala masa "Kofi!" daga nesa, ya shiga gari ke nan.

Daga Kejetia ake zuwa yawancin wuraren gani da ƙafa. Ka haura ta Alabar ka isa Manhyia, a baki Manshiya, fadar Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau gado a 1999. Tsohon gidan fadar Turawa ne suka gina shi a 1925 domin Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo daga tsibiran Seshel inda suka kai shi gudun dole, kuma tun 1995 ya zama gidan tarihi. A 2024 aka kawo wasu kayan zinariya da sojan Ingila suka kwashe a ƙarni na 19, amma gidajen tarihin Landan aro suka ba da su. Ɗan fatake ya ji wannan ciniki ya jinjina kai. Duk mako shida, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae, sarki ya zauna a ƙarƙashin manyan laimomi ana kiɗan tambura ana kai gaisuwa. Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fada: tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai da ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci. Ta ɓangaren Bantama kuma, a harabar asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai takobin da Tonawa ke cewa bokan ya kafa a ƙasa fiye da shekara 300, ba wanda ya iya zare shi. Mai hutun wuni guda ya tafi tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas, ramin da dutse daga sama ya haƙa, inda masunta ke hawa katako suna tuƙi da hannu. A duk waɗannan wurare mai rakiya Ingilishi yake yi, kuma yaron da ya daure ya yi tambaya biyu ya ci ribar kuɗin shigarsa.

Sai dare, wanda shi ne abin da iyaye ke son ji ba sa son tambaya. Kumasi tana da dare iri biyu. Na Zango shi ne benci a ƙofar gida, ataya tana tafasa a kan gawayi, mai tsire yana fifita wuta, ana musun ƙwallon Kotoko har sha biyu. Filin wasan garin ma sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Na Bantama kuwa babban titi ne mai mashaya a jere, kujeru har bakin kwalta, lasifika na dukan ƙirji da kiɗan hailaif da na Asakaa, salon samarin Kumasi da ya yi tashe a 2020. A unguwannin ɗalibai irin su Ayeduase da Kotei ma daren Juma'a ba ya mutuwa da wuri. Ba duk wanda ya ratsa Bantama ya lalace ba, ba kuma duk wanda ya zauna benci a Aboabo ya tsira ba, don tiramadol da shagon cacar ƙwallo ba su san iyakar unguwa ba. Alamar da ya kamata uba ya lura da ita ita ce kuɗin wata da ke ƙarewa a kwana goma, da wayar da ba a ɗauka kafin azahar.

Akwai kuma maganar takarda. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba baƙo. Mai dogon karatu sai ya nemi izinin zama da katin shaidar baƙi, ya riƙa duba ranar ƙarewarsu. Ɗan ɗan kasuwa in ya ga Kejetia hannunsa zai yi ƙaiƙayi, amma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa da talla ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 an rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame a kan haka. Dattawan Zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Ya kalli farashi, ya san dilolin, ya rubuta wa babansa abin da ya gani. Ciniki ya jira.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, idan ya kira ranar Lahadi, bayan "ya karatu, ya sanyi", ku ce ya faɗa muku nawa ake sayar da tulin doya a Kejetia wannan mako, da wane harshe ya taya, kuma wane suna matan kasuwa suka sa masa. In ya amsa da dariya ba tare da inda-inda ba, kuɗinku na aiki. In ya ce, "Ai Baba, ni ban cika shiga cikin gari ba," to a yi wa maigidansa magana ya riƙa aikensa cefane. Allah ya tsare mana su, ya dawo da su da abin da suka je nema.