Ƙwaryar da Muka Kai Jami'a

Ina ɗalibi aka aike ni Babbar Kasuwar Katsina in sayo ƙwarya da ludayi da faifai don bikin al'adu na jami'armu. Tsohuwar da ke sayarwa ta ce, "Ɗana, fura za ku dama?"

Na ce, "A'a Inna, nuni za mu yi."

Ta yi murmushi ta ce, "To wa zai gaya musu yadda ake fafe ta?"

Na rasa amsa. Mun sha rawa da hotuna, amma a cikinmu babu wanda ya san yadda duma ke zama ƙwarya.

Duk 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, tambayar nan takan dawo mini. Da ita muka gayyata, muka ba ta kujerar malami, da mun tashi da ilimi.